Bikon Ɗantsoho a Kan Raƙumi

"Ni fa ban taɓa ɗaga ƙafa ba sai na auna hatsarin ajiye ta," in ji Ɗantsoho, wanda 'yan Gumel ke kira Sarkin Lissafi. Kai dai saurara ka ji. Wannan lissafin ne ya sa matarsa Juwairiyya ta yi yaji zuwa gidansu a Ɗanzomo, don ya hana ta hura wuta, wai ya hango gobara. Surukinsa Malam Bappa ya aiko cewa ya zo biko ran Alhamis, in bai zo ba ya manta da ita.

Gogan naka ya zauna awo. Babur yana faci, Keke Napep yana kifewa, jaki kuwa zubar da girma ne.

"Raƙumi ba ya faci," ya ce wa abokinsa Ya'u.

Suka nufi kasuwar Maigatari, ya ɗauki hayar wani zabgegen raƙumi. Don gudun cizo, ya sa aka ɗaure masa baki. Don gudun faɗuwa, ya ce, "Ya'u, ɗaure ni a sirdin nan, ƙullin da ko aljani ba zai kwance ba."

"To riƙe wuƙa, ko da za a buƙata," in ji Ya'u.

"Wuƙa? In ta soke ni fa?"

Komai ya auna, bawan Allah, ban da yadda ake sauka.

Da la'asar ya iso, ya tarar da Malam Bappa da dattawa kan tabarma suna jiran ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Shi kuwa yana can sama, kansa cikin reshen darbejiya.

"Baba, barka da yamma," ya ƙwala daga cikin ganye.

"Wa ke magana? Tsuntsu ne?"

"Ni ne, Baba. A zuci a durƙushe nake."

Ya ja akala, raƙumi ya juya wa dattawa baya. Ya harba ƙafa, takalminsa ya faɗo cikin ƙwaryar furar liman. Juwairiyya ta leƙo ta kan danga, kunya ta kama ta, ta koma.

Malam Bappa, da ya tsufa cikin dabbobi, ya tashi ya ɗan taɓa gwiwar raƙumin da sanda. Nan take raƙumin ya gurfana gabansa, ya sunkuyar da kai, Ɗantsoho na reto a wuyansa kamar salka.

Tsohon ya dubi dattawa, ya nuna raƙumin ya ce, "Ku shaida, na karɓi bikon wannan mai ladabin. Kayan da ya ɗauko kuwa, a mayar wa mai shi."