Sahiya Ta Wanke Gadon Inna

"Lahiya lau, baiwata. Ina gajiyar mota? Ko da ƙahwa kinka tako daga Tsarnawa sabili da rowa?"

Sadiƙu ke nan, ɗan kawun Sahiya, a rumfarsa ta canji cikin kasuwar Konni. Sefa da naira ne sana'arsa, amma 'yan shekarun nan ya haɗa da tsofaffin kuɗi, yana ɗaukar hotonsu da waya ya tura wa masu tara su a Yamai da Kano. Shi da Sahiya taubasai ne, tun suna yara gaisuwarsu zagi ce. Yau kuwa ta zauna a bakin benci ba ta rama ba, ta damƙe wani ƙullin tsumma a cinyarta.

"Ke, na zage ki kin yi shiru? Ko ba ke ba ta?"

"Ni ta, mai kunnen faranti. Rage murya."

Ta kwance ƙullin. Manyan azurfa ne masu hoton kan mace, waɗanda tsofaffi ke kira liyari, da tarin kwabbai masu huji, duka suna walƙiya. Na mahaifiyarta ne, Inna Ramatou, wadda ta rasu da damina. Ranar Juma'a Liman zai zo rabon gado, kuma yayanta Chindo ya riga ya cika gari da cewa kuɗin nan miliyoyi za su yi, wai ya gani a waya.

Sadiƙu ya ɗauki guda, ya juya shi, ya dube ta.

"Sahiya, mi kinka yi musu?"

"Baƙi ƙirin na iske su. Na ce ba a kai ma mutane kaya da dauɗa."

"Da mi?"

"Lemun tsami da toka."

"Da mi kuma?"

Ta kau da kai. "Da soson ƙarhe, kaɗan."

"Inna lillahi! Tukunya kinka ɗauke su? Matar da tun aurenta ba ta taɓa wanke tukunya ta hita ba, sai gadon gwaggona ta samu ƙarhin gogewa!"

"Kai da wanka sai Salla, ina ka san darajar tsabta?"

Bakinta ne kawai ke ramawa. Jiya maƙwabciyarta ta gaya mata cewa masu sayen irin wannan kuɗi baƙin nan suke so, wanda aka goge ba sa ko kallonsa. Tun daga lokacin tuwo bai wuce mata ba. Chindo ya ga kuɗin da baƙinsu ranar sadakar bakwai. In ya gan su haka, ko ya ce ta ɓata su, ko ya ce ta musanya.

"Don Allah duba mini da gaskiya," ta ce a hankali. "In ka gama ka ci gaba da haukanka."

"Bawa ba ya duba ma baiwa kyauta."

"Ashe ka san kai bawa na."

"Subutar baki ta!"

Ya jawo mayen ƙarfe ya kanga wa liyarin, bai kama ba. Ya ɗora ɗaya a kan yatsa ya ƙwanƙwasa shi da ɗan'uwansa, ya kasa kunne har ƙarar ta mutu. Sannan ya aza su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikeli. Sahiya ta bi hannunsa da ido.

"Waɗanga azurfa na, ta gaske."

"To shekarar da ke jiki hwa? Chindo ya ce sun girmi zuwan Nasara ƙasar ga."

"Duka shekara guda aka buga musu, har waɗanda anka ƙera daga baya. Ba tsufansu aka saye ba, nauyinsu aka saye. Gugar da kinka yi ba ta rage musu wani abin kirki ba."

Ta sauke numfashi, amma ta ga ya koma kan kwabban, yana tona su da yatsa yana karanta shekarun da gilashi a ido. Ya ware guda gefe, ya daɗe a kansa. Da Sadiƙu ya daina zagi, sai ta gane akwai magana.

"Faɗi mana."

"Sauran ga, kowace tsohuwa tana da irinsu a ƙasan adaka. Wanga kuwa ba a cika samun shekararshi ba. Da kin bar shi yadda yake, ya sai miki akuya."

"Yanzu hwa?"

"Dubi zanen da soso ya yi mishi. Kaza. Ita ma mai mura."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi kwabon, idonta ya kawo ruwa. Ba akuyar ce ta dame ta ba. Chindo ne, da yadda zai miƙe gaban Liman da surukai ya nuna ta da yatsa, alhali ita ta yi jinyar Inna ita kaɗai.

"Ran Juma'a za ka zo," ta ce. "Ka zo da sikelinka da gilashinka, ka faɗi abin da ka faɗa mini. Har ɓarnar da na yi ka faɗa, a cire a rabona. In ni na ce babu miliyoyi, ɓarauniya za ya kira ni."

"Ni? In rufe rumfa in tai ƙauyen da ko ruwan sanyi babu, in tsaya gaban Chindo mai bakin lasifika? Ki nemi wani."

"Ba ka zuwa?"

"Ko an ɗaure ni a bayan mota."

Daidai nan wani Bafillace ya tsaya da damin naira zai canza. Sahiya ta gyara mayafi, ta miƙe, ta ɗaga murya yadda rumfunan kusa za su ji.

"Malam, tsaya in ba ka labarin mai rumfar ga. Shekarar da anka aike shi sayen gishiri, ya dawo yana kuka ba wando..."

"Ke! Ke! Zauna!"

"...wai tunkiya ta kore shi tun daga bakin rijiya..."

"Rago na, ba tunkiya ba! Mai ƙaho!"

Bafillacen ya fashe da dariya, masu rumfunan gefe suka fara leƙowa. Sadiƙu ya ɗaga hannu biyu sama, shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa.

"Na ji, na ji! Ina zuwa bayan masallaci. Allah ya isa tsakanina da ke."

Ya ƙulle mata kuɗin da kansa, ya yafito ɗan kabu-kabu ya biya shi zuwa tasha, ya ɗora mata ƙunshin kilishi a kan ƙullin. Sai a lokacin ta ji yunwa.

"In ka makara," ta ce tana hawa, "sauran labarin a gaban Liman zan ƙarasa shi."