Rasuwar Mai Haƙora a Hannun Mijin Yayata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu warin fetur, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar injina na yankan itace, Mai Haƙora, bayan jinyar kwana tara.

Ciwon ya fara ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi. Na ja igiya sau goma sha huɗu, ya ce "fur-fur-fur", ya yi shiru. Marigayin bai saba haka ba. Shekara uku ja ɗaya yake tashi, ba ya zaɓen itace, ɗanye ko busasshe. Shi ya raba ni da shagon Baba, inda nake wuni ina auna ƙusa. Sharaɗin Baba kuwa a fili yake: ranar da inji ya kwanta, in koma bayan kanta.

Na kwance kafireta, mashayar mansa, na tarar tsohon fetur ya daskare kamar ƙaro, 'yar robar ciki ta bushe. Wannan laifina ne, na ɗauka. Na wanke, na busa, na sa sabuwar roba. Ya fara farfaɗowa, yana tari amma yana numfashi.

Sai mijin yayata ya zo dubiya, mutumin da keken ɗansa ke jingine ba sarƙa tun bara. Kafin in wanko hannu ya ɗauki sukudireba ya matse sukurun da ke sakin mai, wai don a rage wa majinyaci shan fetur. Ya danne totur. Marigayin ya ɗauki "wiiiii", siririn kuka mai daɗi da bai taɓa yi ba, mijin yayata, sabon likita, yana ta washe haƙora. Ashe kukan yunwa ne. Man inji da ke jiƙa cikinsa a cikin fetur yake tafiya, an tare masa hanya. Fistan ya ɗau zafi ya liƙe. "Kak." Shi ke nan.

Ya rasu ya bar sarƙa biyu, magagari, rabin galan, da makashinsa, wanda har yau yake zuwa gidanmu cin abinci, har da neman ƙari.

Za a kai gawa wurin masu sayen ƙarfe ranar Asabar, cikin buhu. Likitan ne zai ɗauka a ka, a ƙasa, ta tsakiyar kasuwa. Masu ta'aziyya su same ni daga Litinin a shagon Baba, kusa da sikeli.

Abin da aka rasa: inji ɗaya, gurbina a motar masu shiga daji, da suruki ɗaya.