Rasuwar Ɗanɗano, Wanda Tsafta Ta Kashe a Katuzu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga ƙaddara, ake sanar da jama'ar wannan shafi, na Gashua da na Nguru, har da ku masu leƙe ba ku magana, rasuwar Ɗanɗano. Ku gyara zama, yau akwai labari.

Ga wanda bai san marigayi ba, ɗan mitsitsin abin gwada ruwa ne, bai kai farcen babban yatsa ba. 'Yar ajinmu Ummu Salma ce ta haɗa shi a lab, shi ne furojet ɗinta na gama jami'a. A ɗiga masa ruwan rijiya, a jona shi da waya. In ruwa lafiya lau ne ya ce "ƙit". In akwai gubar dalma ya ce "ƙit-ƙit-ƙit". Iyakar maganarsa ke nan a duniya. Ko gulma bai taɓa yi ba.

Ransa duka yana cikin wani baƙin shafe da ke fuskarsa, siriri kamar kwalli. Ummu Salma ta kusa shekara kafin shafen ya kama. Bikin ƙawaye ya wuce ta. Ranar da aka ɗauke wuta, firji ya koma tanda, da mayafinta ta yi masa fifita. Ya tsallake zafin Gashua, ya tsallake 'yan taɓe-taɓen lab.

Ajali kuwa a Katuzu yake jiransa. Kakar Ummu Salma, Iya Maijidda, ta daɗe tana roƙon a duba mata rijiyar gida, tun da ciwon ƙoda ya tafi da mijinta. Ummu Salma ta hau mashin ta je. Ta ajiye marigayi kan faifai, ta shiga sallar azahar. Iya ta leƙa. Kayan jikarta, da baƙin datti haka, kuma a gidanta? Ta jawo toka da soso. Ta dirje shi, ta ɗauraye, ta shanya kan murfin kwano yana ƙyalli kamar zoben amarya.

Ummu Salma ta jona shi, shiru. Ta sake ɗiga ruwa, shiru. Ga Iya tsaye tana murmushi, tana jiran a yaba mata. Wa za ta yi wa faɗa? Sai ta yi godiya.

Dakta Ajimi, malamin da ke duba aikinta, ya sa gawar a madubin lab, ya cire tabarau, ya yi salati. Sinadarin shafen ya ƙare, sabo sai an yo oda daga waje, ranar difens, wato kare furojet gaban malamai, kuwa ba ta jiran jirgi.

Marigayi ya bar igiyar caji guda, da kwalaben ruwan rijiyoyi tun daga Jakusko har Nguru jere a firji ba mai ɗanɗana su, da babi na huɗu na furojet fari fat. Ya kuma bar Iya Maijidda, wadda har yau ba a gaya mata ba. Kullum sai ta bugo waya tana tambaya ko ruwanta na shawuwa. Ummu Salma takan ce ana kan dubawa, Iya kuma na ci gaba da sha.

Jama'a, da ku ne, za ku gaya wa tsohuwa?

Za a yi jana'iza bayan la'asar a gindin darbejiyar bayan lab. Kwalin ashana ya isa makara. Wanka kuwa kada kowa ya wahalar da kansa, Iya ta riga ta yi.