Gida Mai Ƙafa Tara

Kai, Allah ya yi wa garin nan gata da ya ba shi Malam Ɗantala. Shekarar da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a maƙwabtanmu, tun ba a karɓe mana sunan Abuja an bar mu da Suleja ba, aka turo shi daga Kaduna zuwa ofishin aikin gona. Ɗan birni ne tun daga hula har takalmi. Agogo biyu gare shi, ɗaya a hannu ɗaya a aljihu, wai kada ɗaya ya yi masa ƙarya. Gaisuwa ma a kan babur ɗinsa Basfa yake yin ta. Kafin ka ce masa "ina gajiya," ya sha kwana.

Ana nan sai gwamnati ta aika shi ƙasar Maleshiya, ya koyo noman kwakwar manja. Kwana goma sha biyu ya yi. Tara a otal, uku a wani ƙauye. To, waɗannan kwana ukun su ne muka yi shekara muna sha.

Ya dawo ya ce ya gano sirrin duniya, wai natsuwa. Kullum da la'asar sai ya sa a fito masa da kujera gindin mangwaron ofis, ya tara masinjoji da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi.

"Ku ba ku san rayuwa ba," in ji shi. "A can ƙauyen Malayu, mutum zai zauna a barandar gidansa, shinkafarsa na girma cikin ruwa, ɓaunarsa na kwance cikin taɓo, shi ko yana kurɓar shayi. Ba ihu, ba gudu. Na ga dattijo ya yi rabin yini yana gyaran koma guda ɗaya. Na dube shi hawaye ya zo mini. Na ce, wannan shi ne ilimi! Sannu a hankali, jama'a. Sannu a hankali."

Yana faɗa yana duban agogo.

Nan garin ya raɗa masa Sarkin Sannu. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har yana ɗaga hannu.

Abin gwanin ban sha'awa, natsuwar nan sai an haye teku take zama ilimi. In manomin ƙauyen Izom ya zo neman takin zamani ya fara gaisuwa, ina gida, ina yara, ina ruwa, sai Sarkin Sannu ya buga tebur: "Taƙaita, malam, ofis ne nan!" In ya wuce ta ƙauyen Bagama ya ga tsoho a inuwa yana saƙar tabarma, sai ya ce lalacin nan ne ya hana ƙasa ci gaba. Ashe tsohon Malayu da komarsa masani ne, namu da tabarmarsa rago ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Sai kuma maganar zane. Wai mazan can zane suke ɗaurawa, don iska ta ratsa tunani. Ya taho da guda ɗaya mai gida-gida. Ran da aka wanke shi, sai na matarsa Sailuba ya ɓace daga kan igiya. Baiwar Allah ta leƙa zaure ta tarar da atamfarta tana yi wa baƙi bayani.

Ana cikin haka labari ya zo cewa za a naɗa shugaban aikin gona na yankin gaba ɗaya. Mutum biyu ake dubawa: Ɗantala, da wani Malam Bamalli, tsohon ma'aikaci mai keke, wanda ya shekara ashirin yana bin gonaki har ya san sunan akuyar kowa. Babban Sakatare zai zo daga Minna nan da mako biyu, ya gani da idonsa ya zaɓa.

Ɗantala ya ce ai gani ya kori ji. Zai gina gidan Malayu a bayan ofis, na katako, a ɗage bisa ƙafafu tara, da matakala da baranda. A nan zai sauki Sakatare, ya shayar da shi shayi, ya nuna masa wanda ya ga duniya da wanda ya ga Izom.

Aka kira Yohanna kafinta. Yohanna ya duba zanen, ya duƙa ya tona ƙasar wurin da yatsa, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, wurin nan na gara ne. Sai dai a nemo ƙirya, a bari ta bushe, a babbake gindinta, a shafe da baƙin mai, a ɗora kowace ƙafa bisa dutse. Wata uku, in Allah ya yarda."

"Wata uku! Ni da nake da kwana goma sha huɗu? Wannan nawar taku ita ta kashe ku. Ni na kwana a irin gidan nan, kai ka taɓa shiga jirgi? A sa abin da ke akwai!"

Abin da ke akwai ɗanyen rimi ne. Shi aka yanka, aka soka cikin ƙasa tsirararsa, ba mai ba dutse. Sarkin Sannu ya tsaya a kan ma'aikata da agogonsa biyu, yana yi musu wa'azin natsuwa yana korarsu daga cin abinci. Kwana tara aka gama, aka shafe shi da koren fenti. Wallahi ya yi kyau, kamar akurkin kajin mai kuɗi.

Sai Sakatare bai zo ba. Aka ce wata mai zuwa. Wata ya zo, aka ce bayan damina. Manya ai su ne Malayun gaskiya, ba sa gaggawa. Wata bakwai Ɗantala yana hawa baranda yana gwajin jawabi, ya hana kowa taka matakalar don kada fenti ya goge. In ya ga jar ƙasa ta hau jikin ƙafar gidan, sai ya sa a kankare a ƙara fenti. Daga waje ƙafafu tara lafiya lau. Daga ciki kuwa ana ta biki.

Ran wata Talata da hantsi Sakatare ya iso, mutum ne mai jiki, Allah ya ƙara masa. Da shi da 'yan rakiya shida, da Bamalli a baya yana riƙe da hularsa. Ɗantala ya tare su cikin zanensa mai gida-gida, ya sa kowa ya tuɓe takalmi kamar yadda ake yi a can. Aka hau, aka zauna, aka zuba shayi. Jama'a suka taru a ƙasa suna kallo.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗantala, ya buɗe hannuwa, "wannan gida darasi ne. Mutanen can sun koya mini cewa duk abin da aka yi a natse, shi ne ke tsayawa da ƙafar..."

Ƙafar kusurwar gabas ba ta bari ya ƙarasa ba. Ba ta ma yi ƙara ba, durƙusawa ta yi kamar raƙumi. Biyu suka bi ta. Baranda ta karkace, butar shayi ta yi gaba, Sakatare ya bi buta, 'yan rakiya suka bi ubangidansu bisa tsarin girma. Sarkin Sannu ne ya sauko ƙarshe, amma shi kaɗai ya sauko, don zanen ya maƙale a ƙusa ya zauna a sama yana kaɗawa.

Ba wanda ya karye. Bamalli ne ya ɗaga Sakatare, ya karkaɗe masa riga, ya nemo masa takalmansa ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar kowa ya san wanda zai hau kujerar, kuma a kan keke zai riƙa zuwa.

Ɗantala na tsaye da gajeren wando, Sailuba ta taho ta miƙa masa atamfarta, wannan karon da hannunta. Yohanna kuwa ya ɗauki guntun ƙafar gidan, ya murza shi ya zama gari, garar na ta zuba tana neman inuwa.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe," in ji shi. "Wa'azinka bai faɗi banza ba. Ga ɗalibanka nan. Wata bakwai suna aiki, ba ihu, ba gudu."