Yaƙin Malam Sallau da Tabon Manja

Da sunan Mai kowa muke buɗe wannan babi. Amma ba'adu, ga tarihin sadauki ɗan sadaukai, Malam Sallau ɗan Barmo, jikan Nagoma wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya, tattaɓa-kunnen Gajere mai rini, ma'abucin shaja'a da balaga, gagara-badau na birnin Funtuwa da kewayenta, wanda bai taɓa shakkar wani mahaluƙi ba in ka cire maiɗakinsa Kuluwa.

A wata Asabar mai ɗimbin tarihi, Kuluwa ta tafi kitso, ta bar farin leshin da za ta sa a bikin ƙanwarta gogagge a kan kujera, ta ce sai la'asar. Sadauki na tsaka da cin doya da manja sai ƙaddara ta girgiza masa hannu, ɗigo uku jajaye suka sauka a ƙirjin rigar.

Nan take ya zaro wayarsa kamar mai zare takobi, ya buɗe injin bincike, ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko kai!"

To amma Sallau ɗan gidan mutunci ne, ko hanya ba ya tambaya sai ya gaisa. Sai ya rubuta: "Salamu alaikum, barka da rana, yaya aiki, yaya iyali, don Allah in ba damuwa ina da wata 'yar matsala game da manja." Injin ya turo masa rundunoni bila adadin: darussan gaisuwa, wa'azin zaman iyali, labarin 'yan kasuwar manja, da hanyoyi goma na haɗa miyar agushi. Ya sake kai farmaki, wannan karon har da ban haƙuri da taƙaitaccen tarihin aurensu. Aka sake koro shi. Azahar ta wuce.

A wannan mawuyacin hali ɗauki ya leƙo ta kan katanga: Goggo Tasalla, maƙwabciyarsa, wadda ta yi shekara talatin tana buga tafireta kafin ta yi ritaya.

"Kai Sallau, injin nan surukinka ne da za ka tsaya gaishe shi? Kalma uku, abin da kake nema kawai!"

Abin ya yi masa nauyi ƙwarai, amma ya daure ya rubuta: cire tabon manja. Miya ta sake kunno kai.

Goggo ta ce, "Rubuta miya, ka manna mata alamar ragewa ta lissafi a gaba, za ta gudu. Shafukan saman nan masu tambarin talla, tsallake su. Kuma kar ka gaskata shafi ɗaya sai na biyu ya yi masa shaida."

Shafuka biyu suka yi ittifaƙi: sabulun wanke kwanuka, ruwa mai ɗumi, sai shanya a rana. Sadauki ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban baho, ya yi kirari, "Sai ni na Kuluwa, mai murza ba tausayi!" Aka gwabza, kumfa ta tashi, rana ta kawo gudummawa, abokan gaba uku suka ɓace babu ko gawa.

Da la'asar Kuluwa ta shigo, ta tarar da leshinta a igiya yana ƙyalli, mijinta kuma tsaye a gefe ya banƙare ƙirji. Ta shafa rigar, ta juya ta, ta dube shi.

"Malam, kai ka wanke wannan?"

"Ni ne, da hannuna."

"Ashe ka iya wanki haka, shekara ashirin kana ɓoye mini?"

Ta shiga ɗaki ta jawo kwandon kayan dauɗa na mako biyu, ta dire masa a gaba, ta ce ya fara da zannuwan gado tun rana ba ta faɗi ba.