Rasuwar Haidurojin a Farar Kwalba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙafa cike da zogi, ni Labbo Katuru nake sanar da 'yan uwa na Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda rasuwar abokin jinyata, Haidurojin, ruwan wanke ciwo. Ban san ranar da ya cika ba. Sati uku na yi ina shafa gawarsa.

Marigayin ya zo gidana daga wani kemis a Ƙaura, cikin baƙar kwalba, bayan galma ta sare ni a ƙafar hagu, ciwon suga ya hana wurin rufewa. Ba shi da surutu. In an zuba shi a kan gyambo sai ya ce "shuuu", ya taso fari fat, ya fito da ƙazanta. Safe da yamma yana bakin aikinsa. Bai taɓa yi mini ƙarya ba sai bayan ya mutu.

Ciwon ajalinsa ya faro ne a zaurena. Bana aka fara Shari'a a jiharmu, kowa ya san yadda ake duban kwalba. Maƙwabcina Nuhu ya shigo ya same ni riƙe da shi, ya ce, "Kai, Baba Labbo, a wannan zamani ake zama da baƙar kwalba? Wa zai tsaya karanta takardar jikinta?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Shekarata saba'in da huɗu, ba a taɓa haɗa sunana da giya ba. A ranar na juye marigayin cikin farar kwalbar lemo, na aje shi a kan dakalin ƙofar gida, cikin rana, inda mai wucewa zai gani da idonsa.

Muryarsa ta fara yin ƙasa. Daga baya kumfar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauka ciwon ne ya yi tsabta, bai sami abin ci ba. Na gaya wa mutane a ƙofar masallaci na warke. Na shiga laka a fadama da ƙafata.

Ɗiyata Mardiyya, mai koyar da kimiyya a Zurmi, ita ta tabbatar da rasuwar. Ta ce ruwan sha da ƙwayoyi uku aka gina shi, biyu na haidurojin, ɗaya na oksijin. Marigayin yana da huɗu, biyu da biyu. Ta huɗun nan ita ce ransa, ita ce kumfar, kuma riƙon da aka yi mata ba mai ƙarfi ba ne. Haske da zafi na kwance ta ta bi iska. Domin haka ake rufe shi a baƙar kwalba. Ta ce, "Baba, ruwa kake zubawa." Ban yi makaranta ba, amma na san uku ba huɗu ba ne.

Ta kawo wani sabo. Yana kumfa yadda ya kamata, sai dai ya makara. Yatsu biyu sun yi baƙi, baƙin kuma yana hawowa. Likita ya duba, ya ja layi da biro ƙasa da gwiwata, ya ce Gusau, ranar Litinin.

Marigayin ya bar auduga, bandeji rabin naɗi, almakashi, da tsohuwar baƙar kwalbarsa da babu kowa a ciki. Ya bar gyambo ɗaya, wanda ya girma a bayansa.

Na yafe wa Nuhu. Kada ya zo.

Za a zuba marigayin a gindin dogonyaron bayan gida ranar Lahadi, bayan sallar La'asar. Ni zan ɗauke shi, ni zan kai shi da ƙafafuna, kada wanda ya riƙe mini hannu. Zaman makoki na yini ɗaya ne, domin motar Gusau da sassafe take tashi. Mai son ya gan ni a tsaye ya zo Lahadi.