Farar Riga a Port Hedland

"Sannu da hutawa, sarkin tasha. Fito ka ga aikinka."

"Ke ba ki iya gaisuwa ba sai da baƙar magana? Lafiya?"

Mai kiran Tahlia ce, mai amsawa kuwa kakanta Desmond. Sun janyo ɗakin tafi-da-gidanka a bayan mota daga Perth har Port Hedland, domin ya nuna mata tashar da ya ce a samartakarsa ya shekara goma sha biyu yana lodin tama a jiragen ruwa. A kan wannan labari ya gina girmansa a cikin dangi. Da safe ya shanya wanki a waje, da la'asar ƙura ta mai da farar rigarta ja. Alhali duk wanda ya taɓa zama garin ya san ba a shanya fari idan iska ta taso daga wajen tulin tama.

"Matar da ke kusa da mu ta tambaye ni ko yau muka fara zuwa. Na ce kakana ɗan gari ne. Dariyar da ta yi, har karenta ya taya ta."

"A zamaninmu ƙurar ba ja ba ce."

"Wace kala ce, tsoho? Shuɗiya?"

"Tsorona ma take ji. In na yi tari, sai ta koma tulinta."

"Shi ya sa jiya a mahaɗar titi da layin dogo ka ce jirgin ƙasan tama yanzu zai wuce, muka dafa shayi, muka shanye, bai ƙare ba?"

"Tsawo aka ƙara masa. Ke me kika sani, mai ƙafa kamar sandar tanti? Taimakonki ma na yi. Farar riga ba ta samo miki miji ba, gwada ja."

"Ko wa zan aura, ba zai kai ka ƙarya ba. Wannan hannun naka mai laushi kamar na jariri, shi ya yi dakon tama?"

Desmond ya dubi tafin hannunsa. Wasa yana da iyaka, kuma Tahlia ta fahimci cewa ta taka ta.

"Kwana tara na yi," in ji shi. "Zafi ya kayar da ni, na bi motar kaya na gudu. Sauran shekarun a Geraldton na yi su, ina sayar da takalma. Kakarki kaɗai ta sani, ta rufa mini asiri har ta rasu."

"To me ya sa ka kawo ni nan?"

"Na so in ga ko zan iya cika kwana goma a garin nan. Za ki faɗa a gida?"

"Kai za ka faɗa, da bakinka. Amma ba inda za mu sai ka cika. Kawo makullin mota, na san halinka."

Ya lalubo shi a aljihu ya miƙa mata, kansa a sunkuye, yana dariya ƙasa-ƙasa.